Ƙanena ba ya barci tun harin Kolofata, an ce a gwada ƙwayar Turawa

'Yar'uwa daga Marwa: Assalamu alaikum. Shawara nake nema. Ƙanena yana garin Kolofata, a nan arewacin Kamaru, lokacin hare-haren Boko Haram, ya ga abin da ya gani. Yanzu yana wurina. Shekaru sun shuɗe, amma ko tayar babur ta fashe a titi sai ya shige ƙarƙashin gado yana makyarkyata. Cikin dare ya farka sharkaf da gumi. An yi rubutu, an yi ruƙiyya, sauƙin kaɗan ne. Abokinsa ya ce Turawa na warkar da irin wannan da wata ƙwayar maye mai suna MDMA, zai samo masa daga Duwala. Wani kuma ya ce a gwada wata saiwa, iboga. In bari?

Ma'aikacin jinya, Garwa: Wa alaikumus salam Hajiya. Don Allah kada ki bari. Maganar tana da tushe, Ostareliya ta ba wasu likitocin ƙwaƙwalwa izinin ba da MDMA tun Yulin 2023. Amma a can sai an yi zaman shiri tukuna. Ranar sha kuma mutum ya wuni a ɗaki kusan awa takwas, masu kula da shi na gefe, ana auna hawan jininsa, daga baya a ci gaba da zaman tattaunawa. A Amurka ma hukumar magunguna ta FDA ta ƙi amincewa da ita a Agustan 2024, ta ce a sake gwaji. Ta Duwala kuwa ba wanda ya san me aka cusa a ciki, ga doka ta haramta.

Wata uwa, Ngaundare: Iboga dai a kiyaye. Saiwar da masu addinin gargajiya na Bwiti ke ci ce a Gabon da kudancin ƙasar nan, tana rikita bugun zuciya, ta kashe mutane.

Ɗan'uwa daga Mora: Yaya, ni ma na sha wannan. Da tramol na fara danne abin, ya ƙara jefa ni rami. Abin da ya taimake ni zama da mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, mako-mako. Zaman farko ban iya cewa komai ba, kuka kawai. Ki kai shi babban asibitin Marwa ki nemi masu duba ƙwaƙwalwa, addu'a kuma kada a daina. Kada a matsa masa ya ba da labari a gida.

'Yar'uwa daga Marwa: Na gode, Allah ya saka. Na faɗa wa abokin ya bari. Matsalar yanzu, da ya ji an ce asibiti sai ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Ɗan'uwa na Mora, kai da farko wa ya shawo kanka?