Da wace magana ya kamata shugaban sujada ya buɗe baki ranar Lahadi?

Dattijon ikilisiya, Tahoua:
Salama a gare ku, 'yan'uwa masu hidima a gidan Ubangiji. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na ga ya dace in kawo ta gabanku, tun da yawancinmu mukan tsaya gaban jama'a ranar Lahadi. Ra'ayina shi ne, kalmar farko da za ta fito daga bakin shugaban sujada ta zama ayar Littafi Mai Tsarki mai kiran jama'a zuwa gaban Allah, gaisuwa kuwa a ajiye ta sai lokacin sanarwa.

Makonni biyu da suka wuce na yi sujada a wata majami'a da ba zan faɗi sunanta ba. Saurayin da aka ba jagoranci ya miƙe ya ce, "Ku yabi Ubangiji!" Muka amsa, "Halleluya!" Ya ce bai ji ba, muka sake, ya kuma cewa bai ji ba, har ya tambaye mu ko ba mu karya kumallo ba ne. Daga nan ya shiga gaishe da manya ɗaya bayan ɗaya da laƙabansu, sa'an nan ya ba mu labarin yadda babur ɗinsa ya mutu masa a hanya. Na duba agogo, minti goma sha huɗu suka wuce ba a karanta aya ko ɗaya ba. A bencin da ke gabana akwai matar da aka binne mijinta ran Laraba, ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta, ana kuwa tuhumarta da rashin ɗaga murya. Da a ce ya buɗe Zabura 95 ya ce, "Ku zo mu yi sujada, mu durƙusa a gaban Ubangiji Mahaliccinmu," da ita da mai farin ciki duk sun sami wurin tsayawa a cikin wannan kira.

Shugabar zumuntar mata, Tahoua:
Baba Dattijo, abin da kuka gani a majami'ar nan bai yi kyau ba, ba na kuwa kare shi. Amma kun haɗa laifin yaro ɗaya da gaisuwa baki ɗaya, a nan ne na rabu da ku. A ƙasar Adar wane ne yake shiga gida ya fara magana ba sallama? Ko mai sayar da goro a tasha sai ka ce masa ina kwana kafin ka tambayi kuɗi. To, ta yaya mutum zai tsaya gaban iyayensa da kakanninsa ya fara karatu kamar bai gan su ba?

Gaisuwa ma ai tana cikin Littafin. Sa'ad da Yesu ya tsaya a tsakiyar almajiransa bayan tashinsa daga matattu, abin da ya fara faɗa shi ne, "Salama a gare ku," kuma a sura ta 20 ta Yohanna kaɗai ya faɗe ta sau uku. A Luka 10:5 ya umarci waɗanda ya aika su fara da neman salama ga gidan da suka shiga. A Littafin Rut, Bo'aza da ya iso gona ya ce wa masu girbi, "Ubangiji ya kasance tare da ku," su kuma suka amsa masa da albarka. Lahadi ce ranar babbar kasuwar garin nan, saboda haka kusan kowane mako mukan sami wanda ya shigo daga ƙauye, ko wanda ya dawo daga Abijan bayan shekara biyu, ko wanda ya taɓa jinya a asibitin mishan na Galmi ya ji wa'azi yana so ya ƙara ji. Irin wannan baƙo yana zaune ne da ɗari-ɗari, yana jira ya ga ko ana maraba da shi. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, Baba.

Shugaban mawaƙa, Birnin Ƙonni:
Ina neman gafarar iyayena, domin ni ma ina cikin masu cewa "Ku yabi Ubangiji," kuma ban ga aibunta ba. Kalmar Halleluya Ibrananci ce, ma'anarta kuwa ita ce ku yabi Ubangiji, kuma Zabura 146 zuwa 150 kowacce da ita ta fara, da ita ta ƙare. Wanda ya buɗe da ita, da Nassi ya buɗe. Amsawar jama'a ma ba mu muka ƙago ta ba. A Nehemiya 8, da Ezra ya buɗe littafin Shari'a, jama'a suka miƙe tsaye, ya yabi Ubangiji, suka ɗaga hannuwa suka amsa, "Amin, Amin."

Ina roƙo kuma a dubi halin da muke tsayawa a ciki. A watan Afrilu, ƙarƙashin rufin kwano, ƙarfe tara ta riga ta zama kamar tsakar rana. Rabin bencuna babu kowa, mata suna shigowa da goyo, yara suna kai da komo, wasu kuma suna ƙarasa hirar da suka faro a ƙofa. Idan ka karanta aya cikin sanyin murya a wannan lokaci, iska ce za ta kwashe ta. Sai ka fara tattaro hankalin mutane tukuna.

Dattijon ikilisiya, Tahoua:
Ɗana, Ezra ya yabi Ubangiji ne, jama'a suka amsa da kansu. Ban karanta inda ya ce musu bai ji Amin ɗinsu ba. Da zarar ka fara auna ƙarfin amsa, kunnenka ne ake ƙoƙarin gamsarwa. Game da tattaro hankali kuwa, na ga dattawan da suke tsayawa shiru da Littafi a buɗe har ɗaki ya yi tsit, ba su ce wa kowa uffan ba.

Malamin katikisma, Cocin Katolika:
Ku ba ni dama in faɗi yadda abin yake a wurinmu, domin ina gani Baba da Mama suna jayayya ne a kan abubuwa biyu da za su iya zama ɗaya. A tsarin Misa, wato babbar sujadarmu, bayan waƙar shiga, firist yakan ce, "Da sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki," jama'a su ce Amin. Nan take sai ya gaishe su, amma gaisuwar daga Nassi aka ɗauko ta: ko dai "Ubangiji ya kasance tare da ku," ko kuwa albarkar da Bulus ya rufe wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korintiyawa da ita, wadda ta ambaci alherin Ubangiji Yesu Almasihu da ƙaunar Allah da zumuntar Ruhu Mai Tsarki. Bishop kuma yakan ce, "Salama a gare ku." Bayan haka littafin Misa ya yarda firist ya gabatar da bikin ranar, amma ya ɗaure shi da sharaɗin cewa a taƙaice ƙwarai. Ba zan ɓoye muku ba, mu ma muna da waɗanda sukan mai da wannan 'yar dama wa'azi na farko. Sai dai aƙalla akwai rubutaccen abin da za a nuna musu.

Pasto, Madawa:
Na daɗe ina sauraro. Baba Dattijo, zuciyata tana tare da ku, amma ina tsoron mu kafa doka inda Sabon Alkawari bai kafa ba. Babu inda manzanni suka rubuta mana jimlar da za a buɗe taro da ita. Abin da Bulus ya bari a 1 Korintiyawa 14 ma'auni ne guda biyu, wato a yi kome domin ginin ikilisiya, a kuma yi shi yadda ya dace bisa tsari. Yustin mai shahada, ɗaya daga marubutan Kirista na farko, wanda ya bayyana taron Lahadi na Kiristocin Roma wajen shekara ta 150, da karatun rubuce-rubucen manzanni da na annabawa ya fara bayaninsa, sai gargaɗin shugaba, sai addu'a. A tsarin sujadar da Yohanna Kalbin, ɗaya daga jagororin gyaran ikilisiya, ya fitar a Janeba a 1542, kalmar farko ita ce Zabura 124:8, "Taimakonmu yana cikin sunan Ubangiji, wanda ya yi sama da ƙasa," daga nan a shiga furta zunubi. Waɗannan duka suna goyon bayan Baba, amma al'adu ne masu kyau na mutanen da suka riga mu, ba umarni ba ne.

Abin da ya fi damuna ma ba gaisuwa ba ce. Wata magana ce da ta shigo mana a 'yan shekarun nan, inda shugaban sujada yakan ce, "Bari mu gayyaci Allah ya sauko cikinmu," ko "Ruhu Mai Tsarki, muna yi maka maraba." Na san da kyakkyawar niyya ake faɗa, amma ku dubi yadda maganar ta juya zaman. Ta mai da mu masu gida, Allah kuma baƙon da yake tsaye a zaure yana jiran a ce masa ya shigo. Alhali kuwa shi ne ya kira taron, kuma a Matiyu 18:20 ya riga ya yi alkawari cewa inda biyu ko uku suka taru cikin sunansa yana tsakiyarsu. Yaron da ya shekara goma yana jin ana gayyatar Allah da ganga da jita zai tashi da tunanin cewa ranar da wuta ta ɗauke, kayan kiɗa suka yi shiru, Allah bai zo ba. Mutum yana iya roƙon Ruhu ya buɗe mana zuciya, wannan addu'a ce sahihiya. Amma wanda yake tsaye a gaba ɗan aike ne, kuma ɗan aike yakan yi sallama ne ya isar da saƙon wanda ya aiko shi.

Mai fassara, Yamai:
Ina gaishe ku duka. Ni ɗan Tahoua ne amma aiki ya kai ni Yamai, inda nake fassara daga Faransanci zuwa Hausa a majami'armu, wani ɗan'uwa kuma yana juyawa zuwa Zabarmanci a wasu lokuta. Abin da masu jagoranci suke mantawa shi ne duk jimlar da suka faɗa sai an maimaita ta, saboda haka gabatarwar minti biyar takan koma goma. Barkwanci kuwa ba ya ƙetare harshe, sai rabin ɗaki ya yi dariya, sauran suna kallona suna jiran abin dariyar. Aya ba ta ba ni wannan wahala, domin cikakken Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, in shugaba ya gaya mini ayar tun daren Asabar sai in zo da yatsana a kanta.

Akwai kuma safiyar da ba zan manta ba. An ƙona majami'u a Damagaram ran 16 ga Janairun 2015, washegari Asabar aka yi haka a Yamai. Ran Lahadi mu kaɗan muka taru a tsakar gidan wani ɗan'uwa, wasu ƙaurin hayaƙi bai bar tufafinsu ba. Dattijon da ya jagorance mu ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Salama a gare ku. Kun kwana lafiya?" Ya jira muka amsa. Sa'an nan ya buɗe Zabura 46 ya karanta cewa Allah ne mafakarmu da ƙarfinmu. A ranar, tambayar kwana lafiya tambaya ce ta gaske, domin ba mu san inda wasu suka kwana ba. Shi ya sa ba zan iya bin Baba har ƙarshe ba a kan a kore gaisuwa zuwa lokacin sanarwa.

Shugabar zumuntar mata, Tahoua:
Na gode, ɗana, ka faɗi abin da na kasa faɗa. Abu ɗaya zan bar wa Baba, shi ne jeren laƙabai. Idan aka gaishe da mai girma wane da uwargidansa, aka tsallake mai sayar da ƙosai da ta share majami'ar tun da asuba, an faɗa cikin abin da Yakubu ya tsawata a sura ta 2 ta wasiƙarsa, inda aka ba mai zoben zinariya wuri mai kyau aka ce wa matalauci ya tsaya can. Gaisuwa ɗaya ta ishi kowa, babba da yaro. Baƙi kuma a sa su miƙe a san su a lokacin sanarwa, kamar yadda muka saba, amma kada a sa su jira har lokacin kafin su ji kalmar maraba ko ɗaya.

Dattijon ikilisiya, Tahoua:
Idan gaisuwar ita ce "Salama a gare ku," ba ni da ja, domin daga bakin Ubangiji ta fito, kuma ba ta kai numfashi biyu ba. Abin da har yanzu ban yarda da shi ba shi ne a bar wa kowane saurayi ya faɗi abin da ya zo masa a baki. Wanda zai yi wa'azi yakan kwana yana shiri, me zai hana mai buɗe sujada ya zaɓi ayarsa tun Asabar, ya nuna wa pasto, ta kuma dace da nassin wa'azin ranar?

Shugaban mawaƙa, Birnin Ƙonni:
Baba, zaɓen aya tun Asabar na karɓa, kuma daga yau na bar cewa "ban ji ku ba," domin labarin matar nan ya tsaya mini a rai. Amma "Ku yabi Ubangiji" ba zan bari ba, zan faɗe ta sau ɗaya in karɓi amsar da aka ba ni. Maganar Pasto a kan gayyatar Ruhu kuwa ta fi ƙarfina ni kaɗai, domin muna da waƙoƙin buɗewa har uku da suke faɗar haka, jama'a kuma sun haddace su. Pasto, in za ku sami dama ran Alhamis da la'asar lokacin da muke gwaji, zan kira ku a waya mu bi su baiti baiti tare da mawaƙa.