Kowa ya ci ladan kuturu...

Malam Isufu (Zariya, Maraɗi): Salamu alaikum. Yau a aji na ba yara labarin Turawan Amurka da suka ƙi shiga neman 'yanci a 1776, suka tsaya bayan Sarki Joji na Uku na Ingila. Da aka yi sulhu a 1783, dubbansu suka kwashe zuwa Kanada, da yawa an ƙwace musu gonaki. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski." Na rasa amsa. Ta faɗi daidai kuwa?

Hajiya Rabi: Ta faɗi daidai a kan masu muƙami. William Franklin, gwamnan New Jersey, Ingila ce ta naɗa shi. Ubansa Benjamin yana cikin jagororin 'yanci, shi kuwa ya bi sarki har ya sha ɗauri. Lada ya ci, aski ya kama shi.

Laminu: Hajiya, a gafarce ni, bayi fa? Ingila ta yi musu alkawarin 'yanci in sun gudo daga iyayen gidansu, suka gudo. Fiye da dubu ɗaya daga cikinsu suka sauka Firitawun ta Saliyo a 1792. Wane lada suka ci kafin su yi askin?

Baba Mamman (Mokoyo): Ku saurara, 'ya'yana. A 1958 ina ɗan shekara goma aka yi ƙuri'ar raba gardama a Nijar kan ci gaba da zama tare da Faransa, ran 28 ga Satumba. Jibo Bakari da jam'iyyarsa ta Sawaba suka ce a'a ga Faransa, sarakuna da yawa suka ce i. Mahaifina bafade ne, yayana kuwa yaron mota ne a tasha, ɗan Sawaba. Daren nan na ga mahaifina ya kwance rawani ya ajiye a tabarma, tuwo na gabansa har ya huce bai taɓa ba. Da safe ya jefa i. Yayana bai sake sa hannu a akushi ɗaya da shi ba sai da aka yi babbar salla. Mu da muka taso, wanda ya karɓi abin mutum yana neman zillewa ake yi wa wannan karin magana, a tuna masa nauyin da ya ɗauka. Ban yarda a mai da ita zagi ba.

Hajiya Rabi: Allah ya jiƙansa, Baba. Amma ai ɗaukar ladan ma zaɓi ne.

Malam Isufu: Baba, in ka amince, ran Litinin zan turo a ɗauko ka, yarinyar ta ji daga bakinka.