A miƙa wa baƙo rimot ɗin jirgi, ko ya tsaya bayan igiya?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum. An ce duk kulob ɗin masu haɗa ƙananan jiragen ƙasa da ya bar baƙo ya riƙe rimot, to ya shirya asara. Wai baƙo nasa ido, ya tsaya bayan igiya. Ni ban gamsu ba. Me kuka gani?

Dattijon kulob: Wa alaikumus salam. Ni na faɗa, kuma ina nan a kan bakana. A sikelin HO an rage girman komai sau 87, ɗan mutum-mutumin fasinja bai wuce gaɓar yatsa ba. Hannun riga kawai ya shafi sandar sigina ta karye, aikin makonni ya tafi. Sannan ƙarfen layin shi ke ɗauke da wutar da ke tafiyar da jirgin. Yaro ya shafa shi da maiƙon yatsa, kan jirgi ya riƙa tsayawa yana fizga, sai an bi layin an goge.

Uwar yara: Baba, ban musa maka ba. Amma ni ba rimot na je nema ba. Na kai yarana wani kulob ranar da suka ce ƙofa a buɗe take, teburin da aka shimfiɗa layin jirgin a kai ya kai ƙirjin babba, ƙaramin ɗana katako kaɗai yake gani. Babu ɗan benci na takawa, babu wanda ya ce mana sannu da zuwa. Kowa ya sunkuya kan aikinsa ya ba mu baya. Kalmar farko da yaron ya ji ita ce "kar ka taɓa". Wallahi abin ya yi min ciwo. Wanda ya zo a keken guragu fa, me zai gani?

Mai haɗa waya: Hajiya ta taɓo inda ke ciwo. Kuma Baba, tsoron kada baƙo ya sa jirgi gudu fiye da kima ya ragu tun da aka samu DCC, tsarin sarrafa jirage na dijital da NMRA, ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa ta Amurka, wadda aka kafa a 1935, ta daidaita. Kowane kan jirgi yana da lambarsa, kuma ana iya ƙayyade iyakar gudunsa a cikin ɗan allon lantarkin da ke cikinsa. Ko yaro ya murɗa har ƙarshe, jirgin ba zai goce a kwana ba. A ware tsohon kai ɗaya, a tsayar da mamba kusa da baƙon, shi ke nan.

Sabon shiga: A Miniatur Wunderland, gidan baje kolin ƙananan jiragen ƙasa na Hambug a Jamus, da aka buɗe a 2001, maɓallai suka jera a bakin teburi. Kai da kanka za ka danna, wani abu ya motsa. Hannu ya samu abin yi, ya bar gidaje da itatuwa.

Dattijon kulob: Ɗana, wancan kasuwanci ne, da ma'aikata da tikiti. Kulob kuwa 'yan sa-kai ne da suka taso daga aiki a gajiye. Daren da muke tafiyar da jirage bisa jadawali, akwai mai ba da hanya, akwai agogon da ke gudu fiye da na bango. Baƙo ɗaya ya shiga layin da ba nasa ba, duk jadawalin ya wargaje.

Mai haɗa waya: Wannan gaskiya ne, shi ya sa ake raba ranaku. Daren jadawali na mambobi ne, sai baƙon da aka gayyata, shi ma a haɗa shi da gwani, ya riƙe katunan da ke nuna inda za a kai kowane tarago kafin a ba shi tuƙi. Ranar baƙi kuma, kamar yadda kulob-kulob na Amurka ke yi a watan Nuwamba, a kafa gilashin roba a gefen teburi, a ajiye benci, a sa mutum ɗaya a ƙofa wanda aikinsa tarba ne kawai.

Uwar yara: Baba, tambaya ɗaya. Ranar da ka fara shiga kulob, wa ya ba ka rimot?

Dattijon kulob: Wani tsoho ne, Allah ya jiƙansa, kuma hannunsa na kan nawa. Benci da mai tarba na amince, tun a taro mai zuwa zan kawo maganar. Amma kan jirgina na tururi da na haɗa da hannuna, wannan ba na bayarwa.

Mai buɗe zance: To a wace shekara yaro ya isa a ba shi tsohon kan? Nan ma na san ba za mu haɗu ba.