Ajin karatu ga masu shara a jami'a: taimako ne ko rufa-ido?

Malam Sani: Ni dai ina nan kan bakana. Jami'ar da ta buɗe wa masu shara da masu gadi da 'yan kicin ajin koyon karatu da harshe, alhali albashinsu ba ya kai su ƙarshen wata, rufa-ido take yi. A biya mutum haƙƙinsa, shi ya san inda zai nemi ilimi.

Hajiya Binta: Malam, ka taɓa duba jarkokin da mai wanke banɗaki take ɗauka? Gargaɗin duk a rubuce yake, sau da yawa da harshen da ba nata ba. In ta haɗa bilic da ruwan wanke masai mai asid, iskar kulorin ce za ta tashi, ita kaɗai a ɗan ɗaki marar taga. Ƙarin albashi ba zai karanta mata takardar ba.

Auwal: Ai akwai hoto a jiki, Hajiya, ƙoƙon kai da ƙasusuwa.

Hajiya Binta: Hoto zai ce maka guba ce. Ba zai gaya maka murfi nawa ake zubawa a bokiti ba.

Malam Sani: To ku duba Harvard a Amurka. A 1999 ta fara shirin Bridge, ana koya wa ma'aikatanta Turanci da karatu. A 2001 ɗalibai suka mamaye ginin ofishin shugaban jami'ar har kwana 21, suna neman a biya waɗannan ma'aikata albashin da zai riƙe su. Da aji ya wadatar, me ya kai su zaman dirshan?

Zainab: Wa ya ce ya wadatar, Malam? Ni abin da nake tambaya shi ne ƙarfe nawa ake ajin. In bayan an tashi aiki ne, matar da ta fito tun asuba, ga yara, wataƙila ga aiki na biyu, ba za ta zo ba. Sai a ga kujeru wayam a ce ba sa son karatu. A sa shi cikin lokacin aiki, a biya awannin.

Auwal: Anti Zainab, wa zai biya? Da yawansu ba jami'a ce ta ɗauke su ba, ɗan kwangila ne. Shi kuwa awa ɗaya ba ya yafewa.

Zainab: Shi ya sa a 2015 ɗalibai da ma'aikata a Afirka ta Kudu suka matsa, har Jami'ar Cape Town ta amince ta mayar da irin waɗannan ma'aikata ƙarƙashinta. Kafin a kai nan, a rubuta awannin karatu cikin yarjejeniyar kwangila.

Malam Sani: In da biya, na sassauta. Amma wadda ta gama ajin fa, za a ɗaga mata matsayi, ko tsintsiyarta za ta koma wa?

Hajiya Binta: Ko ta koma, yanzu ita za ta karanta takardar albashinta ta ga abin da aka yanke.

Malam Sani: Hajiya, ba ki amsa ni ba.