Me za mu kira settlement agreement da Hausa, jama'a?

Salam 'yan uwa. Kalma nake nema tun makon jiya. Ƙanwata tana aiki a wani gidan kula da tsofaffi nan Ingila, ranar Litinin manaja ta kira ta ofis ta miƙa mata ambulan, a ciki takarda ce wai settlement agreement, ta fito ko jakarta ba ta tsaya ɗauka ba ta kira Umma a Kano tana cewa an sallame ni. Umma ta kwana ba ta runtsa ba. Alhali ba a sallame ta ba fa, tayi aka yi mata, tana iya cewa a'a. Kalma ɗaya ce ta jawo duk wannan tashin hankalin, shi ya sa na ce sai mun samo wadda ta dace.

Ga yadda abin yake ga wanda bai sani ba. Wanda ya ɗauke ka aiki ne zai ce maka mu rabu, ga kuɗi kaza, kai kuma ka sa hannu ba za ka kai ni kotun ma'aikata ba a kan abubuwan da aka lissafa a takardar. Da can compromise agreement ake ce masa, a 2013 aka canza sunan.

Da na yi tambayar a dandalin nan mutane sun kawo shawarwari, wani Malam ya ce a kira shi takardar sallama kawai. Malam Allah ya ƙara ilimi, amma ni dai ban yarda ba, don sallama daga sama take zuwa, maigida ne ke sallamar yaronsa ba a tambayar yaro ko ya amince. Wannan kuwa in ba ka sa hannu ba babu shi. Kuma dokar ma ta 1996 ta haƙƙin ma'aikata, sashe na 203, ta ɗaure mai aikin sosai: dole a rubuce, dole a faɗi takamaiman ƙorafin da ake kashewa, kuma dole ma'aikaci ya zauna da wani mai ba da shawara wanda ba na kamfanin ba, lauya ko jami'in ƙungiyar ƙwadago da aka tantance, mai inshorar da za ta biya in shawararsa ta jawo maka asara, a kuma rubuta sunansa a cikin takardar. In ɗaya ya ɓace to hannun da ka sa bai hana ka zuwa kotu ba. Ina sallama ta ga wannan?

Kuɗin lauyan nan yawanci kamfani ne ke ba da wani abu a kai, amma al'ada ce ba tilas ba, sai ka tambaya.

Hajiya kin ce kuɗin toshiyar baki. Na gane me kike nufi wallahi, don akwai sharaɗin rufa asiri a kusan kowace irin wannan takarda, amma toshiyar baki a kunnen Bahaushe cin hanci ne, kuma in muka sa wannan sunan mutanenmu za su ɗauka bakinsu ya rufu ke nan har abada. Ba haka ba ne. Ko ka sa hannu, doka ba ta yarda a hana ka tona ɓarna ba, misali a ce ana wulaƙanta tsofaffi a gidan da kike aiki, wannan sharaɗin ba shi da ƙarfi a kai. Da yawa daga cikin matanmu a wannan aikin suke, bai kamata kalma ta tsorata su ba.

Wanda ya kawo khul'i kuma, misalin ya yi kyau ta fuskar rabuwa da yarda, sai dai a khul'i mai son tafiya ce ke biya, nan kuwa mai son a tafi ne ke biya.

Abin da ya fi ƙona min rai a na ƙanwata shi ne manajar ta ce mata ta kawo amsa gobe da safe. Gobe da safe! Hukumar Acas da ke sasanta ma'aikata da masu ɗaukarsu aiki ta ce a ƙalla kwana 10 ya kamata a ba mutum ya yi nazari ya nemi shawara. Kuma in aka ce maka sa hannu ko mu kore ka, alhali ba a ma fara bin matakan ladabtarwa ba, wannan matsin lamba ne da bai dace ba, kuma maganar tayin da kamfani ke tunanin sirri ce a ƙarƙashin sashe na 111A na dokar nan ta 1996 tana iya fitowa gaban alƙali. Na rubuta mata wasiƙa layi uku ta nemi kwana goman, suka ba ta ba musu. A nan ne lauyan ƙungiyarsu ya duba ya ga ba a sa kuɗin hutunta da ba ta ci ba, ya kuma nuna mata cewa fam dubu 30 na farko na kuɗin diyya ba a cire masa haraji amma albashin notis, wato na wa'adin barin aiki, ana cirewa.

To ni inda na tsaya shi ne sulhun rabuwa. Sulhu mun san shi tun daga zauren mai unguwa, ɓangare biyu ne, kowa ya sauke wani abu, akwai shaida a tsakani, kuma ba a yin sa dole. Rabuwa kuma ta nuna aiki ne zai ƙare ba gyara zama ba. Yaya da ya ce yarjejeniyar sasanci, ita ma daidai ce a rubutun jarida, amma ta yi tsawo a baki kuma ba ta faɗi cewa tafiya za a yi ba.

Na gwada a kan Umma jiya da daddare. Na ce mata Umma ba korarta aka yi ba, sulhun rabuwa suka nema. Tambayarta ta farko ita ce, to ita ta yarda?