Haɗa na'urar loda manhaja a maikurokontrola ba tare da an cire ta daga allo ba: ta ina zan fara?

Ɗan Aboabo ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da yayyena. Ina zaune a Aboabo, nan Kumasi, kuma ina haɗa ƙananan alluna waɗanda suke kunna famfon rijiyar burtsatse idan ruwan tanki ya yi ƙasa, su kashe shi idan tankin ya cika. Maikurokontrolar da nake sawa ita ce ATmega328P mai ƙafa 28. Yadda nake yi a yanzu shi ne in cire ta daga soket, in dasa ta a kan allon Arduino Uno, in loda mata manhaja, sannan in mayar da ita wurinta. Yawan cirewa da mayarwar yana lanƙwasa ƙafafunta, kuma idan an riga an kafe akwatin a bangon gidan mai aiki, duk wani ɗan gyara a manhaja yana zama babban aiki. Bayan haka, ina da niyyar komawa kan ƙaramar samfurinta mai ƙafa 32 wadda ake liƙawa a fuskar allo da dalma, kuma ita ba a cire ta kwata-kwata.

Saboda haka nake son in haɗa na'urar da za ta loda manhaja alhali IC ɗin, wato ita maikurokontrolar, tana zaune a cikin allonta. Zane-zanen da na fi cin karo da su suna amfani da tsofaffin kafofin kwamfuta masu ƙafa 9 ko 25, ni kuwa kwamfutata ta hannu ce, USB kaɗai gare ta. Wane zane ne ya dace da mai koyo kamata, da kayan da za a iya samu a Adum ba sai an aika Akra ba? Sannan ina da wasu PIC16F877A a ajiye. Shin na'ura ɗaya za ta iya yi wa iri biyun aiki?

Malamin Fasaha, Asawase, ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, na'urar farko da kake buƙata tana hannunka, wato Uno ɗin nan da kake ta dasa IC a kansa. A cikin misalan da ke zuwa da manhajar Arduino akwai wanda ake kira ArduinoISP, kuma idan ka loda shi, allon yana komawa na'urar loda manhaja. Abin da ke faruwa a ciki ba mai wuyar fahimta ba ne: na'urar tana danne ƙafar RESET ta IC ɗin zuwa sifili, sai IC ɗin ta daina gudanar da aikinta ta saurari umarni ta layuka uku, MOSI mai shigar da bayani, MISO mai mayar da amsa, da SCK mai buga lokacin da kowane bit zai wuce. Idan ka ƙara layin wuta da na GND, wato layin sifili na wutar, wayoyi shida ke nan. A kan Uno, rami na 10 zai tafi ƙafa ta 1 ta ATmega328P ɗinka, na 11 zuwa ƙafa ta 17, na 12 zuwa ta 18, na 13 zuwa ta 19. Ka sa kafasita mai maikurofarad 10 tsakanin RESET da GND na shi Uno ɗin kansa, amma sai bayan ka gama loda masa ArduinoISP, domin in babu ita allon yakan sake tashi daga farko duk lokacin da kwamfuta ta buɗe hanyar magana da shi.

Gwajin farko kada ya zama rubutu, ya zama karatu. Kowace IC tana da lambar shaida mai bayit uku, kuma ta ATmega328P ita ce 1E 95 0F. Idan avrdude, manhajar kwamfuta da ke aika lodi ta cikin na'urar, ta karanto maka wannan lamba, wayoyinka daidai suke. Idan ta karanto 1E 95 14, to wadda babu harafin P a sunanta aka sayar maka, tana aiki amma sai ka sanar da avrdude hakan. Idan kuwa sifili zalla ta fito, matsalar yawanci tana wajen waya, ko wuta, ko agogon IC ɗin.

Na'urar dindindin da zan ba ka shawarar haɗawa ita ce USBasp, wadda wani Bajamushe mai suna Thomas Fischl ya zana ya kuma sake zanen da manhajarta kyauta. Kayanta kaɗan ne: ATmega8 guda, kiristal mai megahaz 12 da kafasita biyu masu fikofarad 22, rizisto biyu masu om 68 a kan layukan bayanan USB, wani mai om 2,200 da ke ɗaga layin D- sama don kwamfuta ta gane an jona mata wani abu, da dayod na zina biyu masu bolt 3.6. Waɗannan dayod ɗin su ne wurin da ya fi ba mutane ciwon kai. ATmega8 ba ta da sashen USB a jikinta, manhaja ce take kwaikwayon USB mai ƙaramin gudu, kuma da yake IC ɗin tana aiki da bolt 5 alhali layukan USB ba sa son fiye da wajen 3.3, dayod ɗin ne suke rage ƙarfin. Ka nemi ƙananan, masu rabin wat ko ƙasa da haka. Manyan masu wat ɗaya suna nauyaya siginar har kwamfuta ta ce ba ta gane na'urar ba. Kiristal ɗin ma kada ka musanya shi da mai megahaz 16 don shi ne ya fi yawa a shaguna, domin an lissafa manhajar ne a kan 12.

Ita ATmega8 ɗin da ke cikin USBasp sai an loda mata manhaja kafin ta iya loda wa wata, kuma a nan Uno ɗinka zai yi aikinsa na ƙarshe. Bayan manhajar, za ka rubuta mata fiyus, wato bayit ɗin saiti da ke cikin IC masu tsara abubuwa kamar agogonta, na sama C9, na ƙasa EF. Idan kana kan Windows, za ka kuma buƙaci sa mata direba da manhajar Zadig.

Abu ɗaya kuma da ya kamata ka riƙe: dole ne gudun SCK ya kasance ƙasa da rubu'in gudun agogon IC ɗin da ake lodawa. Sabuwar ATmega328P tana fitowa daga masana'anta da agogon ciki mai megahaz 8 wanda aka raba gida takwas, wato megahaz 1, saboda haka iyakarta kilohaz 250, USBasp kuwa da kilohaz 375 take farawa. Sakamakon shi ne sabuwar IC lafiyayya ta ƙi amsawa, mutum ya ɗauka jabu aka sayar masa. A zanen akwai wata 'yar gada mai ƙafa biyu wadda idan ka rufe ta gudun yake sauka zuwa wajen kilohaz 8, kuma da manhajar shekarar 2011 za ka iya rage gudun daga avrdude da zaɓin -B.

'Yar Sabon Zongo ta amsa:

Malam ya yi bayanin na'urar yadda ya kamata, amma a ganina, ɗan'uwa, rabin aikin yana kan allon famfonka ne, domin na'ura mai kyau ba za ta loda komai ba idan allon bai bar mata hanya ba. Ƙafafun 17, 18 da 19 da za a loda manhaja ta cikinsu ƙafafu ne na yau da kullum, kuma mai zana allo yakan jona musu duk abin da ya zo masa kusa. Idan ɗaya daga cikinsu ce take tuƙa taransistar da ke kunna rile, to lokacin lodi siginar za ta riƙa kunna rilen tana kashewa da sauri, za ka ji yana ƙaraf-ƙaraf, kuma idan famfon yana jone, injinsa ne yake shan wannan wahala. Idan kuma maɓallin da ke yawo a saman ruwan tanki ne ka jona, duk lokacin da ya rufe zai danne layin zuwa GND, lodin ya tsaya. Mafi alheri ka bar waɗannan ƙafafu uku babu komai. In dole ne ka yi amfani da su, ka sa rizisto mai wajen om 4,700 tsakanin ƙafar da sauran kayan, ita kuma wayar lodi ta shiga kai tsaye kan ƙafar. A kan RESET, rizisto mai om 10,000 zuwa layin wuta ya isa, kuma kada ka ɗora mata babbar kafasita.

Ka kuma bi tsarin da kowa ya saba da shi na mahaɗa mai ƙafa shida a layi biyu: ta 1 MISO, ta 2 wuta, ta 3 SCK, ta 4 MOSI, ta 5 RESET, ta 6 GND. Ka yi alama a gefen ƙafa ta 1 a kan allon, domin mahaɗar tana shiga ta kowace fuska. USBasp ta asali mai ƙafa goma ce, jerinta kuma daban ne, don haka ka gwada kowane layi da mita kafin ka jona.

Maganar da ta fi duk waɗannan nauyi ita ce ta wutar gida. Allonka yana zaune a akwati ɗaya da bolt 230. Idan wutarsa ta taransifoma ce ko ta caja mai raba ɓangarori biyu, da sauƙi. Amma akwai alluna masu araha da suke rage wutar gida da kafasita kawai, kuma a irin waɗannan GND ɗin allon yana iya kasancewa a haɗe da layin wuta kai tsaye, ta yadda wayar USB za ta kai wannan wuta jikin kwamfutarka da hannunka. Ka cire allon daga wutar gida gaba ɗaya kafin lodi, ka bar na'urar ta ba shi bolt 5 daga USB, kuma kada hanyoyi biyu su ba shi wuta a lokaci guda.

Sai fiyus, wanda shi ne yake kashe IC fiye da kowane abu, duk da cewa ba mutuwar gaske ba ce. A wajensa sifili ne yake nufin an kunna, ɗaya yana nufin an kashe. Idan ka umarci IC ɗin ta yi amfani da kiristal na waje alhali babu kiristal a allon, za ta yi shiru har sai ka sa mata shi a ƙafa ta 9 da ta 10. Wannan yana da magani mai sauƙi. Wanda ba shi da sauƙi shi ne kunna RSTDISBL, wanda yake mayar da ƙafar RESET ƙafar aiki, domin daga nan USBasp ba ta da ta inda za ta shiga, sai wata na'ura daban mai sa bolt 12 a kan ƙafar. Ka riƙa karanta fiyus ɗin ka rubuta a takarda kafin ka taɓa shi; na masana'anta su ne 62 a ƙasa, D9 a sama.

Baba Mai Rediyo, Adum, ya amsa:

Yaro, game da PIC ɗinka, amsar ita ce a'a. Ko da yake kamfanin Microchip ya sayi Atmel a shekarar 2016, har yanzu iri biyun ba hanya ɗaya ake loda musu manhaja ba. PIC16F877A tana karɓa ne ta layuka biyu, RB6 na agogo da RB7 na bayani, kuma a tsarinta na asali tana buƙatar wajen bolt 13 a ƙafar MCLR. Zanen JDM da muka yi amfani da shi a da yana satar wannan ƙarfi ne daga kafar kwamfuta mai ƙafa 9, amma wayoyin da suke mayar da USB zuwa wannan kafa yawancinsu ba sa ba da ƙarfin da ya isa, don haka kada ka ɓata dalmarka a kansa. Wanda ake iya haɗawa ya yi aiki da USB shi ne kwafin PICkit 2, na'urar lodi ta kamfanin Microchip, wanda aka gina a kan PIC18F2550, sai dai ita ma tana buƙatar wani ya fara loda mata manhaja, kuma Uno da ArduinoISP ba zai yi wannan ba.

Ni dai ra'ayina ya ɗan bambanta da na Malam. Haɗaɗɗiyar USBasp da ake shigowa da ita daga Sin ba ta da tsada, kuma idan ka lissafa kuɗin kaya ɗaya-ɗaya da na mota zuwa kasuwa, ba lalle ne ka ci riba ba. Ka haɗa taka don ilimin da ke ciki, wannan ba ni da ja a kai, amma wadda za ka riƙa sawa a jaka kana zuwa gidajen mutane gara ta zama saye, domin allon da aka liƙa da hannu ba ya jure jijjigar hanya.

Ɗan Aboabo ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam, Yaya, da Baba. Zan fara da Uno, in bar maganar PIC tukuna. Saura tambaya ɗaya: allon nawa yana ajiye tsawon lokacin da famfo zai yi yana aiki a cikin EEPROM, ma'ajiyar IC ɗin da ba ta gogewa idan wuta ta ɗauke, kuma kowane gida da nasa saitin. Shin lodi ta wannan hanya zai goge shi? Kuma zan iya ci gaba da mayar da IC ɗin kan Uno in loda mata ta USB kamar da?

'Yar Sabon Zongo ta amsa:

Zai goge, ɗan'uwa, idan ba ka ɗauki mataki ba. Kafin avrdude ta rubuta sabuwar manhaja takan share IC ɗin gaba ɗaya, kuma sharewar tana haɗawa da kilobayit 32 na manhaja da kilobayit 1 na EEPROM. Abin da ke kare EEPROM shi ne bit ɗin EESAVE da ke cikin fiyus na sama. Idan fiyus ɗinka D9 ne, ka mayar da shi D1. Idan kuwa DE ne, wanda shi ne na IC ɗin da aka saita don Uno, ka mayar da shi D6. Bit ɗaya kawai ya canja a kowanne, sauran ba a taɓa su ba, kuma yana da kyau ka juya lambar zuwa sifili da ɗaya a takarda ka gani da idonka kafin ka aika, tun da RSTDISBL ma a cikin wannan bayit ɗin yake zaune.

Game da tambaya ta biyu, sharewar tana tafiya da 'yar manhajar farko da ke ba Uno damar karɓar lodi ta USB, saboda haka IC ɗin ba za ta ƙara amsawa ta wannan hanya ba sai ka mayar mata da ita. Manhajar Arduino tana da umarnin yin hakan ta na'urar da ka haɗa, amma ka sani cewa umarnin yana sake rubuta fiyus zuwa na Uno, wato DE, don haka EESAVE zai koma a kashe, kuma IC ɗin za ta nemi kiristal mai megahaz 16. Ga allon famfo, ni ba na ganin amfanin mayar da ita, domin in babu ita allon yana fara aiki da zarar wuta ta dawo, kuma ka sami ƙarin bayit 512 na wurin manhaja.