Da me ake auna aikin ɗan majalisar jiha kan ilimi da kasuwanci?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Idan ɗan majalisar jiha ya dawo neman ƙuri'a ya ce ya yi wa ilimi da 'yan kasuwa aiki, me ya kamata a tambaye shi? Kuma wane abu ne a hannunsa, wane ne ba nasa ba?

Malamin Ƙofar Doka:
Wa'alaikumussalam. Fara raba hurumi tukuna, Malam. Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Zariya ta gwamnatin tarayya ce, ɗan majalisar jiha ba shi da ta cewa a kasafinta. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli, Jami'ar Jihar Kaduna (KASU), da makarantun sakandare na Barewa da Alhudahuda kuwa na jiha ne, nan ake kama shi.

Majalisar Kaduna kujeru 34 ce, kuma aikin ɗan majalisa doka ne da kasafi da sa ido. Ƙudirin doka yana bin karatu na farko, na biyu inda ake muhawara, sai kwamiti da zaman jin ra'ayin jama'a, sai karatu na uku. Gwamna na da kwana 30 ya sa hannu. In ya ƙi, sai kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa sun sake amincewa. Ƙudirori da dama a kwamiti suke kwana, don haka kada ka tsaya a "na gabatar". Tambaye shi a wane mataki yake.

Hajiya ta Samaru:
Malam ya yi bayani, amma ni a wurina kasafi ne zuciyar maganar. Sanya kuɗin gyaran aji a kasafi daban, sakin kuɗin daban. Ka nemi kasafin da aka amince da shi, ka duba sunan makarantar a ɓangaren manyan ayyuka, sannan ka ɗora shi kan rahoton aiwatar da kasafi na wata uku-uku. In an ware amma ba a saki ba, ka tambaye shi ko kwamitin ilimi ya kira kwamishina. Sashe na 128 na tsarin mulki ya ba majalisa ikon bincike, ba alfarma ba ce.

Sai batun UBEC, hukumar tarayya mai kula da ilimin matakin farko. Dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar tarayya ga ilimin matakin farko, amma jiha ba ta karɓar tallafin gine-gine sai ta ajiye nata kason daidai da shi. In majalisa ba ta tsare wannan kaso a kasafi ba, kuɗin na zaune a Abuja, yara na zaune a ƙasa. Wannan abu yana min ciwo ƙwarai.

Baban Sabon Gari:
Ta fuskar kasuwa, Hajiya, dokar haraji ce wurin dubawa. Tun 2016 jiha ta haɗe harajinta a doka guda ƙarƙashin KADIRS, hukumar tattara harajin jihar Kaduna, aka hana karɓar tsabar kuɗi a hannu. Mai shago ya riƙe rasit ɗinsa. In aka zo masa da wani haraji da babu shi a jadawalin dokar, 'yan kasuwa su rubuta koke, su sa hannu, su haɗa kwafin rasit, su miƙa ta hannun ɗan majalisarsu don a karanta a zaure a tura wa kwamiti. Koken baki ba ya shiga kundin majalisa.

In ɗan majalisa ya ce ya yi rabon keken ɗinki kuma, a tambayi mutum nawa suka samu, da nawa ke aiki da shi bayan shekara guda.